Makarantar Girama ko ta Kowa-da-kowa: Wacce Ta Fi Ciyar da Yaro Gaba a Ingila?

Duk Bahaushen da ke zaune a Ingila, in ɗansa ya kai aji huɗu ko biyar na firamare, da wuya maganar jarrabawar 11+, ta neman shiga zaɓaɓɓun makarantun sakandare, ba ta riske shi ba. Ko a ƙofar masallaci bayan an idar da Juma'a, ko wurin suna, ko a zauren WhatsApp na iyaye mata, sai an sami mai cewa, "Maman Abba, ina fata dai kun sa shi lesin?" Wadda ta ce ba su sa ba sai a bi ta da kallo kamar ta yi sakaci da amana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makarantun da ake kira girama, waɗanda ba a shiga sai an ci jarrabawa, su ne ke cika saman jadawalin sakamako kowace shekara, kuma na gwamnati ne, ko fam ɗaya ba a biya.

Mu kuma da wannan tunanin muka taso. Mun san darajar yaron da ya ci kwaman entiras ya tafi makarantar tarayya, mun san yadda unguwa ke ɗauka in an ce ɗan wane ya sami Kimiyya ta Dawakin Tofa ko ta Dawakin Kudu, makarantun da Jihar Kano ta kafa a 1977 don zaɓaɓɓun yara. Saboda haka da muka tarar da irin wannan ƙofa a Ingila, ba mu tsaya dogon tambaya ba.

Tambayar da ta kamata a yi kuwa makiyaya sun daɗe da saninta. Mutum biyu suka kai raguna kasuwa ana jibi Sallah. Na farko wata uku da suka wuce ya shiga kara ya zaɓi manya-manya, lafiyayyu, ya ɗaure. Na biyu duk abin da aka kawo masa ya karɓa, har da ramammu da masu tari. Ranar kasuwa ragunan na farko sun fi cika ido, babu gardama. Amma in kana neman wanda za ka ba amanar ragonka ya yi maka kiwo, ba girman dabbobinsa za ka duba ba. Nauyin da suka ƙara a hannunsa za ka tambaya. Abin da ke gabanmu ke nan: yaro guda, in ya shiga girama ko ya shiga makarantar da ke karɓar kowa, ina zai fi ƙaruwa tsakanin shekara 11 da 16?

Yadda tsarin yake

Dokar ilimi ta 1944 ce ta shimfiɗa rarraba yara da jarrabawa a shekara 11. A tsakiyar shekarun 1960 makarantun girama sun kusa 1,300 a Ingila da Wales, suna ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin huɗu na yara. A 1965 ministan ilimi Anthony Crosland ya nemi ƙananan hukumomi su koma tsarin makarantar kowa-da-kowa, mafi yawa kuma suka koma. Dokar 1998 ta hana buɗe sabuwar girama. Firaministar lokacin, Theresa May, ta yi yunƙurin ɗage haramcin a 2016, zaɓen 2017 ya kashe maganar. Yau saura 163, duk a Ingila, kuma kusan kashi 5 cikin 100 na ɗaliban sakandaren gwamnati ne ke cikinsu. Scotland da Wales ba su da ko ɗaya.

Waɗannan 163 ɗin ba a warwatse suke daidai-wa-daida ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi komai tasiri a shawarar da za ku yanke. Akwai yankunan da gaba ɗaya tsarinsu na tankaɗe da rairaya ne: Kent mai girama 32, Buckinghamshire mai 13, yawancin Lincolnshire, sai Trafford da ke gefen Manchester, da Slough, da Medway. A irin waɗannan wurare ana kwashe kusan rubu'in yara ko fiye, ragowar su tafi sauran makarantu. Akwai kuma inda girama 'yan ƙalilan ne a cikin teku na makarantun kowa-da-kowa, kamar Birmingham mai takwas, ko arewacin Landan. A can gasar ta fi zafi nesa ba kusa ba. Makarantar Queen Elizabeth's da ke Barnet, ta maza, yara sama da 3,000 ke zama jarrabawarta don kujerun da ba su kai 200 ba.

Sakamako tsagwaronsa, da abin da yake ɓoyewa

In GCSE kaɗai za a duba, wato jarrabawar da ake yi a shekara 16, ai ba a fara gasar ba an gama. A girama kusan kowane yaro yana haye Turanci da lissafi da kyakkyawan sakamako, da yawa suna kwasar daraja 7 da 8 da 9, tara kuwa ita ce ƙololuwa. Makarantar da ke karɓar kowa ba za ta taɓa nuna irin wannan jadawali ba, domin a cikinta akwai yaron da ya shigo bai iya karatu sosai ba, da mai buƙata ta musamman, da wanda ya sauka ƙasar bara. Amma kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Yaran girama da zanensu suka shigo.

Ba ƙwaƙwalwa kaɗai suka shigo da ita ba. Binciken da cibiyar Education Policy Institute ta fitar a 2016 ya nuna kashi 2.5 cikin 100 kacal na ɗaliban girama ne ke cin abincin makaranta kyauta, wanda shi ne ma'aunin talauci da aka saba amfani da shi a Ingila, alhali a makarantun sakandaren gwamnati gaba ɗaya adadin ya haura kashi 13 a lokacin. Gidauniyar Sutton Trust kuma a 2013 ta gano kusan kashi 13 cikin 100 na masu shiga girama ba daga firamaren gwamnati suka fito ba, akasarinsu daga makarantun kuɗi. Wato yaron da iyayensa suka biya masa firamare ya ninka ɗan talaka yawa a can sau huɗu ko fiye.

Ma'aunin ci gaba

Don gyara wannan ne gwamnati ta kawo ma'aunin da ta sa wa suna Progress 8 a 2016. Yadda yake aiki yana da kyau iyaye su fahimta, domin shi ake nuna musu a kowace ranar ziyarar makaranta. A watan Mayu na aji shida duk yaran firamaren gwamnati suna rubuta jarrabawar ƙasa a karatu da lissafi. Bayan shekara biyar sai a ɗauki sakamakon GCSE na kowane yaro a darussa takwas, Turanci da lissafi ana lissafa su sau biyu-biyu, a gwada shi da matsakaicin abin da duk yaran ƙasar da suka tashi da maki irin nasa a firamare suka samu. In ya yi daidai da su, sifiri ke nan. In makaranta ta sami +1, ma'anarsa yaranta sun ɗara tsararrakinsu da daraja guda a kowane darasi, mai 6 ya zama mai 7. In ta sami -0.5, sun gaza da rabin daraja.

A wannan ma'aunin ma girama ce a gaba. Matsakaicinsu yana yawo wajen rabin daraja sama da sifiri. Makarantun kowa-da-kowa na yankunan da ba a tankaɗe suna nan kusa da sifiri, wanda ba abin mamaki ba ne tunda su ne mafi yawan ƙasar. Makarantun da ke karɓar ragowar yara a yankuna irin su Kent kuwa suna ƙasa da sifiri kaɗan. Mai son girama a nan yake tsayawa ya ce magana ta ƙare, an auna nauyin da aka ƙara, kuma mun ci.

Ni dai ban ga ta ƙare ba, saboda sikelin kansa yana da karkata, kuma wajen girama ya karkata.

Ɗauki yara biyu da suka tashi da maki 108 a jarrabawar watan Mayu. Ma'aunin yana ɗaukarsu tamkar tagwaye. Amma wata takwas kafin nan, a Satumba, ɗaya ya ci 11+, ɗayan ya faɗi. Ashe muna da shaida biyu a kan kowannensu, ma'aunin kuwa ɗaya kawai ya karɓa. Wanda ya ci 11+ mai yiwuwa ƙarfinsa ya wuce 108, ranar ce ba ta zo masa da kyau ba, ko kuma tunda ya riga ya san makarantar da za shi bai ɗaura ɗamara sosai ba. Ɗayan mai yiwuwa 108 ɗin ranar sa'arsa ce. Bayan shekara biyar na farko zai fi na biyu ko da a aji ɗaya suka zauna, sai a rubuta bambancin a littafin ladan girama. Kowace jarrabawa tana da irin wannan kuskure, amma a makarantar da ke karɓar kowa masu sa'a da marasa sa'a suna cakuɗe, kuskuren ya share kansa. A girama an tace an tara waɗanda makinsu na Mayu ya fi yiwuwa ya rage musu, don haka kuskuren gefe ɗaya yake zuba.

Na biyu, ma'aunin ba ruwansa da gidan da yaro ya fito. A faɗin Ingila 'yan mata sun fi maza ci gaba a wannan ma'auni, yaran da Turanci ba shi ne harshen gidansu ba sun fi waɗanda shi ne, 'ya'yan Indiyawa da 'yan Sin da baƙaƙen Afirka suna sama da matsakaici, 'ya'yan talakawa kuma suna ƙasa ƙwarai. Girama, musamman na Landan da Birmingham, cike suke da 'ya'yan baƙin haure masu matsa wa karatu, talakawa kuma ƙalilan ne. George Leckie da Harvey Goldstein na Jami'ar Bristol sun sake lissafin ma'aunin suna la'akari da waɗannan abubuwa, fifikon girama ya ragu sosai. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye: wani kaso na "ci gaban" da ake yaba wa makaranta, uwar da ke zama kan yaro da daddare ce ta samar da shi, kuma duk makarantar da ya tafi da uwar tasa zai tafi.

Sai kuma waɗanda ba a ƙirga su sam. Yaron da ya yi firamaren kuɗi yawanci bai rubuta jarrabawar Mayu ba, da wanda ya zo daga Najeriya ko Nijar ko Ghana bayan aji shida, babu inda za a faro awonsu, don haka ba sa cikin lissafin.

Abin da masu bincike suka samu

Masu bincike sun bi hanyoyi daban-daban don kauce wa wannan karkata, kuma amsoshinsu ba su yi nisa da juna ba. Binciken 2016 da na ambata ya haɗa kowane ɗan girama da takwaransa mai kama da shi a makarantar kowa-da-kowa, ya sami ribar kusan sulusin daraja a kowane darasi. A fassara shi da harshen takardar sakamako: yaron da zai sami 7 a darussa takwas, sai ya sami 8 a biyu ko uku daga ciki. Riba ce, ba a raina ta, amma ba ita ce tazarar sama da ƙasa da ake faɗa a wurin suna ba. Abu biyu kuma suka biyo baya a binciken. Da aka gwada 'yan girama da takwarorinsu da ke makarantun kowa-da-kowa masu inganci, wato rubu'in da ya fi ciyar da yara gaba, ribar ta ɓace gaba ɗaya. Sannan a yankunan da kujerun girama suka fi yawa ribar ta sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na daraja, yaran da ba su samu shiga ba kuma suka yi asarar kwatankwacin haka.

Stephen Gorard da Nadia Siddiqui na Jami'ar Durham sun fi haka tsanantawa. A 2018 suka duba bayanan yara kusan 550,000, suka sa har da yawan shekarun da yaro ya yi cikin talauci da watan haihuwarsa, suka ce in an daidaita duk wannan, girama ba ta fi sauran makarantu ba, ba ta kuma gaza su ba.

Hanyar da ta fi gamsar da ni ita ce ta duba yaran bakin layi. In makin shiga 121 ne, kamar yadda yake a Buckinghamshire, mai 121 da mai 120 kusan yaro ɗaya ne, tambaya guda ce ta raba su, amma ɗaya ya shiga ɗaya bai shiga ba. Duk bambancin da aka gani daga baya, makaranta ce. Damon Clark ya yi irin wannan awo da bayanan wani yanki na Yorkshire, ya tarar tasirin girama a kan makin jarrabawa ƙarami ne, sai dai ta sa yara ɗaukar darussa masu nauyi, kuma da alamar ta ƙara musu damar shiga jami'a. A Amurka, Atila Abdulkadiroglu da Joshua Angrist da Parag Pathak sun auna fitattun makarantun jarrabawa na Boston da New York, irin su Boston Latin da Stuyvesant, a binciken da ya fito a 2014, kusan babu wani ƙari da suka gani ga yaran bakin layi. A Kenya, Adrienne Lucas da Isaac Mbiti sun duba makarantun ƙasa da kowane uba ke mafarki, su ma ba su ga ƙarin a zo a gani ba a jarrabawar kammala sakandare. Don adalci, akwai inda aka ga riba: Kirabo Jackson ya gan ta a Trinidad da Tobago, an kuma gan ta daidai gwargwado a Romaniya. Sai dai binciken Romaniya ya tono wani abu da ya kamata ya tsaya mana a rai: yaran da suka shiga babbar makaranta da ƙyar, iyayensu sun rage taimaka musu da aikin gida. An kai shi inda ya dace, an huta.

Wannan hanya ma tana da iyaka. Labarin yaran bakin layi take bayarwa, ba na haziƙin da ya tsere wa kowa ba. Kuma GCSE tana da rufi: yaron da zai sami 9 a ko'ina, babu makarantar da za ta ba shi 10, don haka in girama ta faɗaɗa masa tunani fiye da manhaja, babu jadawalin da zai nuna.

Abin da girama ke bayarwa da jadawali bai cika nunawa ba

A nan ya kamata a ba ta haƙƙinta. A mafi yawan girama kowane yaro yana iya yin kimiyyar nan uku a rarrabe, fiziks da kemistiri da bayoloji, yana iya ɗaukar harshen waje, wani wurin har biyu, akwai lissafi mai zurfi a manyan azuzuwa. A wasu makarantun kowa-da-kowa waɗannan na ajin farko ne kawai, wato ajin da ake tara yaran da suka fi ƙoƙari, a wasu ma ƙarancin malamai ya rage su. Ga mai burin likitanci ko injiniyanci wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ajin girama kuma yawanci ya fi natsuwa, malami ba ya kashe rabin darasi yana tsawatarwa, kuma yaro ba ya jin kunyar a san shi da son littafi. Tsofaffin ɗalibai da malaman da suka saba tura yara manyan jami'o'i su ma jari ne.

Kuɗin da ake biya kafin a kai can fa? Makarantar kyauta ce, hanyar zuwa ce ba kyauta ba. Iyalai da yawa suna shekara ɗaya ko biyu suna biyan mai lesin, domin jarrabawar tana da sassan gwajin basira na kalmomi da na siffofi waɗanda firamaren gwamnati ba ta koyarwa. Yaro ɗan shekara tara ya dawo makaranta, ya tafi Islamiyya, ya dawo ya zauna kan takardun gwaji, Asabar ma ba hutu. In ya ci, wani sai ya riƙa shafe awa guda ko fiye a jirgin ƙasa da bas kowace safiya, a hunturun da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu da rabi. Awa biyu a rana, kwana 190 a shekara, shekara biyar: ku lissafa da kanku, ku ɗora a sikeli ɗaya da sulusin daraja. In kuma bai ci ba, ɗan shekara goma ya ji a bakin manya cewa ya faɗi, alhali ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta suna ji.

Akwai kuma matsayin yaro a aji. Masana halayyar ɗalibai, tun daga aikin Herbert Marsh, sun nuna yaro yana auna kansa ne da na kusa da shi. Wanda ya saba zama na ɗaya ko na biyu a firamare, aka tura shi da lesin ya haye da ƙyar, sai ya tsinci kansa na ashirin da takwas cikin talatin. Wani wannan ke zaburar da shi. Wani kuwa daga nan yake yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba ya ja a lissafi, alhali a wata makarantar da shi ne zakara a ajin farko. Iyaye sun fi kowa sanin wane iri ne nasu, in sun yarda su faɗa wa kansu gaskiya.

Ɗaya ɓangaren ba tudu ɗaya ba ne

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar makarantun kowa-da-kowa kamar abu guda. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi tazarar da ke tsakanin matsakaiciyarsu da girama nesa. Makarantun da suka riƙa zuwa na ɗaya a ma'aunin ci gaba a duk Ingila ba girama ba ne. A shekarun farko na ma'aunin, makarantar 'yan mata ta Tauheedul Islam da ke Blackburn ce ke kan gaba. Daga 2022 zuwa 2024 kuma Michaela ce, a Wembley, da maki sama da +2, wato yaranta sun ɗara tsararrakinsu da fiye da daraja biyu a kowane darasi. Babu jarrabawar shiga a ko ɗayansu. (Michaela ita ce kuma wadda ta hana salla a harabarta, wata ɗaliba ta kai ƙara, babbar kotu ta ba makarantar gaskiya a Afrilun 2024. Lamba ba ta faɗa wa uba Musulmi wannan, sai ya bincika.) A ɗaya ƙarshen kuma akwai makarantun da ke -0.5 ko ƙasa, inda haziƙin yaro zai iya narkewa ba wanda ya lura.

Kada kuma sunan ya ruɗe mu. Makarantar kowa-da-kowa mai kyau tana da tata rariyar: nisan gida. Wanda ya fi kusa shi ke shiga, gidajen kusa kuma sun fi tsada, haya ko saye. Na addini suna fifita mabiyansu. A Ingila in ba a tace da jarrabawa ba, sau da yawa an tace da adireshi.

To wa ya kamata ya yi me?

In a Kent kuke, ko Buckinghamshire, ko wani yanki mai irin tsarinsu, ni shawarata yaro mai ƙoƙari ya zauna jarrabawar. Ba don girama tana da sihiri ba, sai don an riga an kwashe yawancin tsararrakinsa masu ƙarfi daga ɗaya makarantar, ajin farkonta ya yi siriri, darussa masu nauyi na iya ƙaranci. Zaɓinku a can ba tsakanin girama da cikakkiyar makarantar kowa-da-kowa ba ne. A Buckinghamshire ma yaran firamaren gwamnati ana sa su kai tsaye sai in iyaye sun ce a cire.

In kuwa a Landan kuke, ko Birmingham, ko cikin Manchester ko Leeds, kuma akwai makarantar da ke da +0.5 ko fiye a tafiyar ƙafa ko bas ɗaya, to hujjar jigilar yaro zuwa wata ƙaramar hukuma ta yi rauni ƙwarai. Sauya gida dungurungum saboda girama kuwa, da barin aiki ko dangi ko masallacin da aka saba, ban ga alƙaluman da za su biya kuɗin sabulun wannan kwalliya ba. Banda guda: in makarantun da adireshinku zai ba ku duk raunana ne, kuma ba halin ƙaura, jarrabawa na iya zama ƙofar da ta fi araha. Masu ƙaramin ƙarfi a Birmingham su sani cewa girama na gidauniyar King Edward VI sun ware har kashi 25 cikin 100 na kujeru ga yaran da ke cikin tallafin marasa galihu, da makin shiga mai sauƙi, kuma tun 2020 suna fifita yaran yankinsu.

Wanda ya zo ƙasar da yaro ɗan 12 ko 13 kada ya ɗauka jirgi ya bar shi. Akwai babbar ƙofa ta biyu a shekara 16, lokacin shiga azuzuwan A-level, inda sakamakon GCSE ke magana ba lesin ɗin shekara tara ba. Girama da yawa suna ɗaukar sababbin ɗalibai a wannan mataki, wasu na maza ma suna karɓar mata. Brampton Manor da ke Newham, a gabashin Landan, makarantar kowa-da-kowa ce har zuwa 16, manyan azuzuwanta ne ake tacewa, kuma a 2021 ɗalibanta 55 suka sami tayin shiga Oxford da Cambridge, Eton kuwa, fitacciyar makarantar kuɗin nan, 48.

Wajen duba makaranta, kada a tsaya kan lamba ɗaya. Shafin gwamnati na kwatanta makarantu yana rarraba ci gaba gida uku, na yaran da suka shigo da ƙarfi, da matsakaita, da masu rauni. In ɗanku mai ƙarfi ne, layin farko ne naku, domin akwai makarantar da ta ƙware wajen ɗaga masu rauni amma ta bar haziƙai suna hamma. A duba shekara uku a jere, ba ɗaya ba. A sani kuma ɗaliban GCSE na 2025 da na 2026 ba su da wannan ma'auni, saboda korona ta hana jarrabawar firamare a 2020 da 2021, don haka in makaranta ta nuna muku sakamakon waɗannan shekaru, ragunan ranar kasuwa take nuna muku. Ku tambayi yara nawa ke yin kimiyya uku, malaman lissafi nawa suka shekara uku a wurin, da ina ɗalibai ke tafiya bayan 16. Ku je ranar karatu, ku tsaya a baranda lokacin sauya darasi.

Rajistar 11+ a yawancin wurare tana rufewa tun Yuni ko farkon Yuli na aji biyar, a yi jarrabawar a Satumba, sakamako ya fito a Oktoba kafin ranar 31 ga wata, wadda ita ce ranar ƙarshe ta miƙa fom ɗin zaɓin makarantu. Cin jarrabawa hangen Dala ne, ba shiga birni ba: in masu ci sun fi kujeru yawa, sai a koma kan maki ko nisan gida. A fom ɗin ku jera makarantu yadda kuke son su da gaske, domin makaranta ba ta ganin a lamba ta nawa kuka sa ta, kuma sa girama a farko ba ya rage muku dama a ta biyu. Mazauna Landan suna da gurbi shida, wasu wurare uku ko huɗu. Ko nawa ne, gurbi ɗaya ya zama na makarantar kusa da kuka tabbata za ta ɗauke shi, in ba haka ba ranar 1 ga Maris hukuma za ta tura shi duk inda kujera ta rage.